Rubutun Fensir a Shafi na Arba'in

Amaryar tela tana wanke-wanke ta ji ihun yayar mijinta daga falo.

"Inna! Zo ki ji abin da surukarki ta rubuta a kanki!"

Amarya ta shigo da kumfa a hannu. Littafinta ne Yaya ta ɗaga sama, labarin wasu manoma da fari ya cinye gonarsu, yunwa ta kashe musu yara biyu, amma suka ƙi rabuwa. Sau bakwai amarya ta karanta shi, ta soma na takwas.

"Ga shi da fensir: 'Wannan matar Inna ce sak.' Labarin matsiyatan ƙauye fa! Ashe kallon mayunwata take yi mana!"

A gaban maƙwabta biyu aka yi wannan. Amarya ta buɗe baki, Inna ta ɗaga mata hannu.

"Ko ke ko ni a gidan nan!"

Kwana uku amarya tana kuka, Inna ba ta taɓa girkinta ba. Ko ɗan aji uku ya san ba a karanta layi ɗaya a bar shafi, amma manya suka yanke hukunci a haka!

Rana ta huɗu tela ya rufe shago, ya kirawo maƙwabtan nan biyu, ya miƙa wa Yaya littafin.

"Shafi na arba'in. Duka. Da muryar da kika yi ranar."

Yaya ta karanta tana harɗewa. A shafin, uwa ce ta raba wa 'ya'yanta ɗan abin da ya rage, ta goge bakinta da gefen zane, ta ce musu ita ta ci a kicin.

Inna ta dafe ƙirji. "Wa ya gaya wa mai littafin nan sirrina?"

"Ba kowa, Inna. Matata kaɗai na taɓa ba labarin. Tun muna yara mun sani fa ba ki ci ba, ni da Yaya."

Yaya ta sunkuya. "To, sori."

"Sori?" Inna ta daka mata tsawa. "Da ihu kika zubar mata da mutunci, da ihu za ki mayar!"

Haka kuwa aka yi, har na waje suka ji.

Inna ta jawo amarya jikinta. "'Yata, ɗauko min shi daga farko, kada ki tsallake ko layi."

Wanda aka zalunta ya yi haƙuri, gaskiya za ta wanke shi. Amma wanda ya yi ƙazafi a gaban jama'a, a gaban jama'ar zai janye.