Akushin da Ya Dawo

A tashar Tsafe Shafa'atu ta fara ganin Mas'udu, kuma haushinsa ta fara ji kafin sonsa. Ta miƙa masa farantin dambun nama, ya yi murmushi ya sayi dafaffiyar gyaɗar wata. Ita ɗiyar Labbo mahauci guda! Ranar kasuwa ta zagayo, ta tare shi.

"Kai, mi dambuna yai maka?"

"Ba komai, Shafa. Mai dambun nika so."

Manomi ne daga Bungudu. Ba ya cin nama, ba ya shan nono, ko man shanu ba ya taɓawa, sai waken gonarsa da zogale da daddawa. Tana yi masa tsiya, tana kiransa Ɗan Wake, ga shi so ya riga ya kama ta.

Ranar da ya zo gaisuwa, Labbo da kansa ya gasa balangun tozo, aka kai wa baƙo zaure. Akushi ya dawo a rufe. A gidan mahauci kuwa babu zagin da ya fi wannan.

"Mushe na ba shi?" Labbo ya daka tsawa. "Ko shi ka haramta abin da Allah ya halatta? Bala direba mai nemanta za ni ba ɗiyata, shi ko ƙashi bai bari!"

Shafa'atu ta kwana biyu tana huci. Ta aika masa da wasiƙa: "Ɗan Wake, ka kunyata ubana cikin gidanai. Loma guda za ta kashe ka? In kana sona, taho ka faɗa mai dalili da bakinka. In ba haka ba, je ka auri zogale."

Ya zo. Ta laɓe bayan zana, ranta a ɓace.

"Baba, ban ce haramun ne ba," in ji Mas'udu. "Shekarar fari shanunmu sunka mutu ɗaya bayan ɗaya. Saura guda, wadda na raina tun tana maraƙa. Ni na ja ta har Gusau don mu samu hatsi. Ka tuna wata fara mai karyayyen ƙaho? Kai ka saye ta can, ka yanka ta gabana. Tun rannan maƙogwarona ya ƙi nama."

Labbo ya tuna saniyar, tana lasar hannun mai ita har aka kayar da ita.

"Shi ne ba ka faɗi ba, ka bar ni ina ta zagi?" Har yanzu da faɗa yake magana, amma muryar ta karye. Shafa'atu ta fashe da kuka.

Bayan kaka aka ɗaura aure. Labbo ya yanka wa jama'a sa. Akushin ango kuwa shi ya kai da hannunsa: wake da man gyaɗa.

"Shekara talatin ina fawa, yau ga ni ina tsintar wake," ya ce yana harara. "Allah shi yi muku albarka. Ka cinye, kak ka sake maido min akushi."

Akushin ya dawo babu ko ƙwara.