Kiɗan da Ya Hana Gilang Cin Ƙwallo

Lokacin da nake aji shida, babu yaron da ya kai ni iya ƙwallo a ƙauyenmu. Ku tambayi kowa a wannan yanki na tsibirin Jawa. Amma kada ku tambayi Gilang. Kada kuma ku tambayi malaminmu, Pak Wardoyo.

Gilang ɗan ƙanin babana ne. Ajinmu ɗaya, bencinmu ɗaya. Ba shi da surutu. Ni nake yin nawa, in kuma yi nasa.

Gwanina a ƙwallo shi ne Marten, mai lamba tara a ƙungiyar babban birnin yankinmu. Marten yana da gudu. Yana rina gashinsa ja. Idan ya ci ƙwallo sai ya yi alkafura sau biyu. Na liƙa hotonsa a bangon ɗakinmu. Na kuma rubuta lamba tara da gawayi a bayan farar rigata ta makaranta. Mahaifiyata, Ibu, ta ja mini kunne a kan wannan.

Gilang kuwa gwaninsa Mas Danang ne, mai lamba shida a wannan ƙungiyar. Ɗan ƙauyenmu ne. Gidansu yana bayan masallaci.

Wata rana mun taso daga makaranta muna cin soyayyar ayaba, sai na tsokane shi.

Na ce, "Wai me Mas Danang ɗinka ya iya? Shekara biyar, ƙwallo biyu. Ko kakarmu za ta ci fiye da haka."

Gilang ya ce, "Ka riƙa kallonsa lokacin da ƙwallo ba ta ƙafarsa."

"In kalli mutum babu ƙwallo? Ai gara in je gonar shinkafa in kalli bauna."

"To je ka," in ji Gilang. Ya cinye ayabarsa.

Watan Agusta ya kama. Aka kafa tutoci ja da fari a ko'ina, don bikin ranar 'yancin kai. Kowace shekara makarantarmu takan kara da makarantar ƙauyen da ke hayin kogi. Kowane ɗan wasa zai ɗaura zane har idon sawu, babu takalmi. Da zarar kiɗa ya tashi, kowa zai bar ƙwallo ya hau rawa. Kana iya matsawa kana rawa. Amma in ka taɓa ƙwallo ana kiɗa, an kore ka daga fili. Mai kunna kiɗan kuwa yakan zauna ya juya wa fili baya, don kada ya nuna son kai.

Kyautar wannan shekarar bunsuru ne, baƙi, mai ƙiba.

Ana saura kwana uku, Pak Wardoyo ya tara mu a ƙarƙashin bishiyar mangwaro.

Ya ce, "Mas Danang ya zo gida. Ya ji ciwo a gwiwa, yana hutawa. Zai kalli wasanku. Wanda ya fi kowa iyawa, zai ba shi rigarsa ta wasa."

Gaskiya ne na raina Mas Danang. Amma riga ce ta gaske, wadda aka gani a talabijin. Nan take na hango ta a jikina.

Pak Wardoyo ya zaro jan ƙyalle na kyaftin daga aljihunsa. Na miƙa hannuna tun bai yi magana ba.

Ya wuce ni. Ya ɗaura wa Gilang.

Na ce, "Pak, ko dai ba ka ga hannuna ba?"

"Na gan shi."

"Ni fa na fi cin ƙwallo."

"Kai kuma ka fi zubar da ita," in ji shi.

Yara suka fashe da dariya. Wani ya ce, "Sannu, Marten na ƙauye."

Da muka koma gida na kasa cin abinci. Ibu ta dube ni.

"Me ya same ka?"

"An ba Gilang kyaftin."

"Madalla. Ai ɗan'uwanka ne. Abin ya zo gida."

"Gidansu dai," na ce.

Ibu ta ajiye ludayi. Ta ce, "Ka kiyayi wannan zuciyar taka. Ci shinkafarka."

Ranar wasa fili ya cika. Mata sun jera da laima. Masu sayar da shayi mai ƙanƙara sun kafa tebura. An ɗaure bunsurun a jikin turken tuta. Mas Danang yana zaune a kujera a gefen fili, sandarsa a kan cinya. Na ga lokacin da ya dafa kan Gilang. Sai na ji kamar na haɗiye barkono.

Alƙali ya hura usur.

Na yi niyyar nuna wa Mas Danang abin da ake kira ƙwallo. Duk lokacin da ta zo ƙafata, ba ta barina. Na yanke mutum ɗaya. Na yanke na biyu. Gilang yana ɗaga hannu yana cewa, "Ba ni, ba ni, ni kaɗai ne a nan." Na yi kamar ban ji ba. Da na zo kan na uku, sai na taka bakin zanena. Na kifa da fuska cikin laka.

Sau huɗu haka ta faru. Amma in faɗa muku gaskiya, ko faɗuwar tawa ta fi ta kowa kyau.

Gilang kuwa yana ta aikin gwaninsa. Ya ƙwace, ya ba wani. Ya ƙwace, ya ba wani. Mutane suka fara kiran sunansa. Na waiga na ga har Ibu tana tafa masa.

Aka tafi hutun rabin lokaci babu wanda ya ci.

Pak Wardoyo ya ce da ni, "Zauna ka huta. Wawan zai shiga." Wawan sunan wani ɗan ajinmu ne.

"Ban gaji ba, Pak."

"Ƙwallon ce ta gaji da kai."

Na je na zauna a ƙasa kusa da teburin kiɗa. Kawuna Lik Parjo ne mai kunnawa. Yana zaune ya juya wa fili baya. Wayarsa tana kan tebur, an jona ta da babbar lasifika.

Can sai ƙishirwa ta kama shi. Ya ce, "Duba mini kayan nan. Kada ka taɓa komai." Ya nufi wajen mai shayi.

Daidai lokacin Gilang ya ƙwace ƙwallo a tsakiyar fili. Ya ba Wawan, Wawan ya mayar masa. Ya wuce ɗan bayansu. Gola ya fito, ya zame, ya faɗi. Raga ta zama a buɗe. Taku uku kawai ya rage.

Na ga rigar Mas Danang a jikin Gilang. Na gan shi yana yawo da ita a ƙofar gidanmu.

Na fizgi wayar na danna.

Kiɗan rawa na dangdut ya tashi da ƙarfi.

Gilang ya riga ya ɗaga ƙafa. Ya tsaya cak. Ya sauke ta a hankali. Ya fara rawa, ƙwallo na gabansa, raga a buɗe.

Golansu ya miƙe yana karkaɗa kafaɗa har ya koma ragarsa. 'Yan bayansu suka tako da rawa suka kewaye Gilang. Mutanen hayin kogi suna ta shewa.

Nan na so in kashe kiɗan in ajiye wayar. Sai na tarar ban iya ba. Na danna nan, ƙara ta ƙaru. Na danna can, waƙar ta koma farko.

Wata mata ta ce, "Wai wa ke kunna kiɗan? Ga Lik Parjo can da kofi a hannu."

Mutane suka fara waigowa ɗaya bayan ɗaya. Kujera babu kowa. Sai ni a tsaye, ina fuskantar fili, waya a hannuna.

Lik Parjo ya rugo ya ƙwace wayarsa ya kashe. 'Yan wasanmu duk ni suke kallo. Ɗan bayan hayin kogi ya doka ƙwallo gaba. Kafin mu farga, tana cikin ragarmu.

Pak Wardoyo ya je ya yi wa alƙali magana. Alƙali ya girgiza kai. Ya ce, "Kiɗa kiɗa ne. Kuma yaronku ne ya kunna."

Ibu ta rufe fuskarta da laima.

Pak Wardoyo ya zo ya tsaya a kaina. Bai ɗaga murya ba.

"Wace makaranta kake?"

"Tamu, Pak."

"To wa ka yi wa aiki yanzu?"

Na sunkuyar da kai.

"Zo nan," in ji wata murya. Mas Danang ne. Ashe tun farko yana kallona. Na ja ƙafa na je gabansa.

Ya ce, "An ce kai ne mai son Marten."

"E, Mas."

"An kuma ce kakarku ta fi ni cin ƙwallo."

Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ya yi murmushi. "Ƙwallo nawa Marten ya ci bara?"

"Goma sha bakwai."

"Ka iya lissafi. Wa ya ba shi fasin ɗin?"

"Ban sani ba."

"Marten kam ya sani. In ya gama alkafurarsa, ka taɓa lura da inda yake rugawa?"

A talabijin nakan gan shi ya rungumi wani. Ban taɓa duba lambar rigar ba.

Mas Danang ya ce, "Marten babban ɗan wasa ne, ba ka yi kuskure ba. Amma ba jan gashi ne ya sa ba. Ranar da aka cire shi daga wasan ƙarshe, wanda ya canje shi ne ya ci mana. Marten ya fi kowa tsalle a benci. Kai an cire ka, me ka yi?"

Hawaye suka zubo mini.

Saura minti goma, Wawan ya gurɗe a ƙafa. Babu sauran ɗan canji sai ni. Pak Wardoyo ya kira Gilang bakin fili.

"Kai ne kyaftin. Ko ku ƙarasa a haka, ko ya shiga. Zaɓi."

Gilang bai ko dube ni ba. Fuskarsa a murtuke.

Na ce, "Gilang, ka yi haƙuri. Da gangan na yi. Na ji haushi ne ana kiran sunanka."

"Na sani."

"Ka yafe mini."

"Ba yanzu ba," in ji shi. "Ɗaure zanenka da kyau. Na gaji da ganinka a ƙasa."

Na ɗaure shi tamau na shiga. Mutanenmu suka yi mini ihu. Wani tsoho ya ce, "A duba aljihunsa, ko da waya."

Sau biyu aka kunna kiɗa. Sau biyu na yi rawa kaina a ƙasa.

Saura kaɗan a tashi, ƙwallo ta zo mini ta gefen dama. Na yi gudu. Na yanke mutum ɗaya. Na ga raga, amma gola ya tare kusurwar. Ƙafata tana ce mini in buga. In ta shiga, sunana za a kira.

Sai na ɗaga kai. Abin da ban taɓa yi ba ke nan. Na ga Gilang a tsakiya, shi kaɗai. Ko hannu bai ɗaga ba, don ya san halina.

Na tura masa.

Ya ɗan yi mamaki. Sannan ya sa ƙafa, ta shige raga.

Fili ya rikice. Gilang bai yi alkafura ba. Ya rugo ya faɗo a kaina, muka kifa cikin laka tare.

Aka tashi kunnen doki, ɗaya da ɗaya. Dattawan ƙauyukan biyu suka yi shawara. Suka ce bunsuru ba ya rabuwa da rai, don haka a yi tsire kowa ya ci.

Mas Danang ya miƙe da sandarsa. Ya miƙa wa Gilang rigar mai lamba shida. Ba zan yi muku ƙarya ba, na ɗan ji kishi. Amma na tafa, har tafina ya yi zafi.

Pak Wardoyo bai manta da ni ba. Ya tattaro zannuwan 'yan wasa duka, jage-jage da laka, ya ɗora mini a ka.

"Gobe a kogi. Ka wanke su tas. Ka kuma je ka ba Lik Parjo haƙuri."

"To, Pak."

Washegari ina tsugune a bakin kogi ina cuɗa, sai ga Gilang da rigar a jikinsa. Ta kai masa har gwiwa. Ya tsuguna ya ɗauki zane ɗaya.

Ya ce, "Ta yi mini yawa."

"Ni ma za ta yi mini yawa."

"Ka sa ta ranar Lahadi. Amma kada ka rubuta tara a kai."

Da yamma na gaya wa Ibu. Ta ce, "To me ka koya?"

Na ce, "Babban ɗan wasa shi ne wanda yake murna in ƙungiyarsa ta ci, ko da ba shi ya ci ba. Hassada kuma kai take fara kayarwa, kai da mutanenka."

"Ci shinkafarka," in ji ta, tana murmushi.

Ban yi nisa a makaranta ba, amma wannan darasin na riƙe shi. Har yau ina son Marten. Sai dai kusa da hotonsa na liƙa na mai lamba shida.

Wannan fasin kuwa, har yanzu ba a sake yin irinsa a ƙauyenmu ba. A kan wannan, kuna iya tambayar Gilang.