Aljanin da Sanyi Ya Kayar Daga Mangwaro

Magariba ce irin ta kullum a unguwarmu ta bakin ruwa a Miramar, sai dai an kwana biyu ana sanyin da jiharmu ta Florida, nan Amurka, ba ta saba da shi ba. Zorina tana kicin tana murza gurasar roti, miyar waken dal tana tafasa a hankali. Mijinta Fazal yana waje ta bayan gidan yana wanke buhunan aikinsa. 'Yarsu tilo, Shamiza, mai shekara goma sha bakwai, tana ɗakinta. Sai wani abu ya faɗo kan rufi, tim.

Babu wanda ya ɗaga kai. Duk wanda ya yi hunturu ɗaya a nan ya san wannan ƙarar. Iguwana ce, koren damon nan da ya cika mana gari. Idan sanyi ya tsananta sai jikinsu ya sandare a kan bishiya, ƙafafu su saki reshe, su faɗo kamar matattu, alhali rana na dukansu za su miƙe su kama gabansu. Aka ji na biyu, aka ji na uku. Na huɗun ba a kan rufi ya faɗi ba. A tsakiyar kicin ya faɗi, dab da ƙafar Zorina, ga tagogi duk a rufe. Dutse ne jiƙe sharkaf, da gansakuka a jikinsa, irin na magudanar ruwan da ta ratsa bayan gidajenmu.

Zorina ta kira 'yarta sau biyu ba a amsa ba. Da ta tura ƙofa sai ta tarar da ita rub da ciki a kan tayil, hannuwa a ware, haɓa a ɗage, ido ɗaya a buɗe ɗaya a rufe. Ta taɓa ta, ta ji kamar ta taɓa kwalbar da aka ciro daga firji.

Shekara goma sha huɗu ina maƙwabtaka da su, dukanmu daga ƙasar Guyana muka yi ƙaura zuwa nan, masallaci ɗaya muke zuwa, don haka na san abin da ya faru da safiyar ranar. Sana'ar Fazal kamun iguwana. Ana kiran sa gidaje ya zo da doguwar sandarsa mai zarge a baki ya raba mutane da su, don dabbobin nan ba 'yan ƙasa ba ne, shigo da su aka yi, suka hayayyafa ba mai cin su, suna cinye shuka, suna haƙa ramuka a ƙarƙashin katangar bakin ruwa har ta zube. Fazal ba mugu ba ne, amma wallahi akwai taurin kai, kuma ya tsane su tsana ta gaske. Akwai wani tsohon namiji da ya fi ƙarfinsa shekara uku, tsawonsa ya kai na yaro ɗan goma, jikinsa ya rikiɗe ya koma ruwan lemo. A mangwaron gidan Fazal ɗin ma yake kwana, abin har ya zama na tsokana a masallaci, ana tambayarsa ko ɗan hayarsa ya tashi lafiya.

To da safiyar nan sanyi ya kayar da tsohon. Fazal ya ɗure shi a buhu ya shiga ɗauko adda. Shamiza kuwa yarinya ce mai tausayin da har ya yi yawa. Ta zaro dabbar, ta naɗe ta da tawul, ta rungume ta a ƙirji tana hura mata iska. Uban ya fito ya ga wutsiya ta fara motsi, ya san in dabbar ta farfaɗo a jikin yarinya za ta yage ta da farce. Ya fizge, ya sara, ba bismilla ba gargaɗi. Jinin ya fantsama a ƙafar Shamiza, ta tsaya tana kallonsa ba ta yi kuka ba.

Kwana tara gidan nan bai ga sauƙi ba. Da hantsi sai a nemi Shamiza a rasa, a same ta kwance a kan katangar siminti tana shan rana, ba ta ko ƙifta ido. Idan uban ya matso sai ta ɗaga kai tana gyaɗa shi sama da ƙasa, irin yadda mazan iguwana suke yi wa abokin faɗa. Ta daina taɓa dafaffen abinci, furannin uwarta take tsinka tana ci. Da tsakar rana maza uku ba sa iya riƙe ta, ni kaina akwai tabon farcenta a hannuna. Rana na yin sanyi kuma sai ta fara sandarewa, duwatsu su fara sauka, a ji wata murya can ƙasa-ƙasa daga ɗakinta tana maimaita kalma ɗaya, sanyi, sanyi.

An kai ta asibiti sau biyu. Aka yi gwaje-gwaje ba a ga komai ba, sai dai zafin jikinta kullum raguwa yake. Likitar ta gaya wa Zorina ƙarara cewa in ya ƙara sauka kaɗan zuciyar za ta iya tsayawa, a riƙa ɗumama ta. Suka dawo suka sayi hitar ɗumama ɗaki guda biyu, suka lafta mata barguna, ɗakin ya koma kamar gidan burodi. Amma ko da aka yi haka fatar yarinyar ba ta yi ɗumi ba, muryar ce ta ƙara ƙarfi. Zorina ta rame, ta daina kwanciya, tana zaune a ƙofar ɗaki tana jan carbi har igiyar ta tsinke. Fazal ya daina fita aiki. Na same shi rannan a gindin mangwaro yana kuka irin na manya, wanda ba sauti, ya ce da ni shi ya kashe 'yarsa da hannunsa, yau ko gobe ne kawai.

Rana ta goma rediyo ta ce sanyin da za a yi da yamma ya fi duk na baya. A ranar aka ɗauko Miyaji Hanif, Miyaji muke kiran malamanmu. Tsoho ne siriri ɗan Berbice ta can Guyana, ba ya ɗaga murya, ya yi shekara arba'in yana wannan aiki. Ya shiga ɗakin bayan la'asar ya zauna ya fara karatu. Ya yi fiye da awa ɗaya, gumi ya jiƙe masa riga, abin da ke jikin Shamiza kuwa sai miƙa yake yi a cikin barguna yana dariya da bakinta.

Miyaji ya tsaya. Ya dubi hita, ya dubi yarinyar, sannan ya juya ga Fazal ya tambaye shi yadda yake kama manyan da suka fi ƙarfin zarge.

"Ba na bin su, Miyaji. Sanyi nake jira."

"To kun yi kwana tara kuna ciyar da shi," in ji tsohon. "Ya daɗe a jikin dabbar nan har ya ɗauki halinta. Duk ɗumin da kuka ba 'yarku shi yake sha. A kashe hita, a fitar da ita waje."

Zorina ta tare ƙofa da jikinta. Ta ce likita ta ce zuciyar za ta tsaya, ta ce sai dai a bi ta kan gawarta, ta kama rigar mijinta tana cewa Abban Shamiza ka ji tsoron Allah, sau ɗaya bai ishe ka ba. Maganar nan ta soke shi, na gani a fuskarsa. Miyaji bai ɓoye mata komai ba. Ya ce zai yiwu zuciyar ta riga aljanin gajiya, amma in aka bar ta a ɗakin nan, kwana biyu ba za ta kai ba. Zorina ta zame ta zauna a ƙasa. Fazal ya yaye bargunan ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki 'yarsa tana yagar wuyansa, ya fita da ita.

Ya kwantar da ita a kan ciyawa, daga ita sai rigar gida. Rana ta faɗa bayan gidajen ƙetaren ruwa. Iska ta taso daga arewa tana yanka fuska, unguwa ta yi tsit, sai can jefi-jefi ka ji tim, wata iguwana ta saki reshe. Miyaji ya durƙusa ya ci gaba da karatu. Da farko ta yi ta bugun ƙasa da ƙafa, daga baya bugun ya ragu, yatsunta suka lanƙwashe, kan ya sauka a hankali. Da muryar ta fito, a ja take, kalma tana jiran kalma.

"Ku... rufa... mini."

Miyaji ya tambayi aljanin ko shi waye, kuma me ya kawo shi jikin 'yar mutane. Ya ce ba shi da sunan da bakinmu zai iya faɗa. Daga wani daji yake can kudu, inda ba a san sanyi ba. Yana cikin jikin ɗan iguwana ƙarami kamar yatsa aka kama su aka zuba a akwati, aka sayar a kanti, wani ya yi wasa da shi ya gaji ya yar a bakin ruwa. Shekara goma sha tara yana nan bai san hanyar gida ba.

"Ban taɓa kowa ba. Na ci ganye, na sha rana. Uban yarinyar nan ma jirgi ne ya kawo shi ƙasar nan. Ya fasa mini gida ina barci, bai ce fita ba. Ita ce kaɗai ta taɓa ɗumama ni, sai na shiga."

"Kuma kana kashe ta," in ji Miyaji. "Ka fita."

"Ina? Duk sauran iguwana a sandare suke. Ruwa ne kaɗai ya rage da ɗumi, kuma ba zan kai ba. In na fita haka zan mutu a kan ciyawa. In na zauna mu mutu tare. A ba ni guzuri, ɗumin da zai kai ni ruwa."

Taku ashirin ne tsakanin yarinyar da ruwa, na sha auna shi da ido daga baya. Miyaji ya ce ba a ciniki da aljanu, ba a ba su komai, don wanda ka ba yau gobe ma zai dawo, sannan ya ɗaga karatu. Gaskiya ya faɗa, ni ma na san haka. Amma Zorina tana riƙe da wuyan hannun 'yarta tana lalubar jijiya, leɓen yarinyar ya koma shuɗi, numfashin sai ya tafi ka ce ba zai dawo ba. Can Zorina ta ɗago, ba ihu ba komai, ta ce ba ta jin bugun.

Fazal bai tambayi kowa ba. Ya durƙusa ya ɗora hannunsa na dama a kan tafin Shamiza, hannun da ya riƙe addar.

"Ni na fasa maka gida. Ɗauki nawa, ka sakar mini 'ya."

"Ɗana, kada ka yi," in ji Miyaji, amma yatsun yarinyar sun riga sun damƙe.

Ban ga wuta ba, ban ga hayaƙi ba, ba zan ƙara wa labari gishiri ba. Abin da na gani shi ne Fazal ya cije baki har jini ya fito, hannunsa yana yin fari-fari daga yatsu yana haurawa, ya wuce wuyan hannu, ya doshi gwiwar hannu. Miyaji ya matso ya kama kafaɗarsa ya danne da ƙarfi, ya kafa wa aljanin sharaɗi cewa iyakarsa nan, kuma ya rantse ba zai sake kusantar gidan nan ko wani ɗan Adam ba. Muryar ta rantse, wannan karon ba ja. Ɗan yatsan ƙafar Shamiza ya karkaɗa sau uku. Sai ciyawa ta fara kwanciya a layi ɗaya, ba a ganin mai takawa, har bakin katanga. Muka ji ruwa ya ce cuɓul.

Zorina ta kifa kunne a ƙirjin 'yarta, Fazal yana durƙushe bai motsa ba. Sannan yarinyar ta ja wani dogon numfashi, ta yi tari, jikinta ya kama rawa. Kwana goma ke nan ba ta yi rawar sanyi ba, domin iguwana ba ta yi. Zorina ta fashe da kukan da ta daɗe tana riƙewa, na ruga na kwaso barguna, wannan karon kuwa fatar ta karɓi ɗumin.

Dutse bai sake faɗowa a gidan ba. Hannun Fazal kuma bai sake dawowa ba. An je asibiti, aka ce jini yana gudu lafiya, jijiyoyi lafiya, amma daga gwiwar hannu zuwa yatsu sanyi yake ƙalau ko a tsakiyar zafin watan Yuli, ba ya iya damƙe ko cokali. Sandar kamun ta tsufa a jingine, yanzu gadi yake yi a wani wurin ajiye motoci. Miyaji har yau yana cewa kuskure ya yi, Fazal kuma yana amsawa da to, ba ya gardama.

A yammacin nan dai, da aka shigar da Shamiza falo aka kwantar, ta buɗe ido biyu ta dubi kowa, ba ta tuna komai ba tun daga tawul. Ta ga uban a tsugune gefen kujera, wuyansa duk yagar farce. Ta miƙa hannu ta kama nasa na dama, sai ta zabura.

"Abba, hannunka sanyi. Ka daɗe a waje ne?"

Ya ce eh, ya ɗan daɗe. Ta jawo hannun cikin bargonta, ta haɗa shi da tafukanta biyu tana murzawa tana hura masa iska, ta ce ya yi haƙuri yanzu zai yi ɗumi. Fazal ya bar mata hannun, ya juya fuskarsa ga bango don kada ta gani, ita kuwa ta ci gaba da murzawa har barci ya ɗauke ta.