Saba A Cikin Rumbu

Ranar Asabar da hantsi Hajiya Saudatu, sakatariyar ƙungiyar manoman gero, ta shigo ofishin Sufeto Ɗangiwa a Tambuwal. An sace musu sabuwar saba a reshensu na Kebbe, wato babbar kwamfutar da za ta riƙa ajiye sunayen manoma da iyakokin gonakinsu.

"Nu'umanu ne, ranka ya daɗe," in ji ta. "Shi kaɗai ya san darajar abin. In ba ta fito ba, Litinin za mu kore shi."

Aka kawo Nu'umanu, injiniyan ƙungiyar.

"Mi ne aikinka?" in ji Sufeto.

"Sabunta manhajoji, yallaɓai. Saba ukku gare mu. Biyu na Tambuwal manhajar Linux gare su, umarni guda nika ba su, su sabunta kansu. Ta Kebbe tsohuwar Windows ce, abin da waɗanga ka ci ba shi take ci ba. Sai in sauke nata daban, in sa a filash, in hau mashin in kai mata duk Alhamis."

"Sabuwar fa?"

"Irin na Tambuwal ce. Da an kunna ta, daga kujerata zan riƙa sabunta su duka. Zuwa Kebbe ya ƙare."

"Alhamis ɗin nan ka je?"

"Ban je ba."

Sufeto ya dubi takalmin Nu'umanu. Jan laka ne ya bushe a kansu, irin na hanyar Kebbe da damina.

"To, na je," in ji Nu'umanu, ya sunkuyar da kai. "Ba aiki ya kai ni ba, shi ya sa na ɓoye. Baba Atu mai gadin ofishin na je yi wa bankwana."

Aka bar shi a bayan kanta.

Sufeto ya ɗauki kofur guda, suka nufi Kebbe. Ofishin Kebbe ɗaki guda ne a bakin gari, gonaki sun zagaye shi. Ba a fasa ƙofa ba. Batura huɗu da farantan sola suna nan, ba wanda ya taɓa su. Sufeto ya daɗe yana kallonsu. Bai taɓa ganin ɓarawon da zai tsallake batir ya ɗauki abin da ba mai saye a kasuwa ba.

Baba Atu mai gadi yana zaune a kan buzu kusa da tsohuwar sabar, wadda aka ɗora a kan bulo biyu. Ba ko ƙura a jikinta.

"Baba, wa ka zuwa nan?"

"Ba kowa, ɗana. Ni da injin ga ne. Sai ko Nu'umanu."

"Iyali fa?"

"Mai ɗakina ta rasu bara waccan. Yara suna kudu."

"Ɓarayin ka gan su?"

"Ina masallaci sunka zo. Sawun mota na iske."

Ba sawun mota a lakar sai na 'yan sanda. Sufeto ya nuna bulon.

"Wanga fa?"

"Nu'umanu ya koya min. Ya ce abu biyu ka kashe ta, sanyin ƙasa da rashin iska."

Sufeto ya zagaya baya, inda tsohon yake kwana. Hadari ya haɗo daga gabas. Rumbu biyu ne a tsakar gidan. Ɗaya a rufe ruf, ɗayan an tokare murfinsa da itace.

"Baba, wane manomi ka barin rumbu buɗe ga damina?"

Sufeto ya nuna wa kofur buɗaɗɗen rumbun.

Kofur ya hau tsani ya leƙa. Ga sabuwar saba a kan bulo biyu, an cire ta daga kwali don ta sha iska. Baba Atu bai san wadda ba a kunna ba ba ta bukatar iska.

"Ni ne," in ji shi. "Ba saidawa za ni yi ba, wallahi. Shekara shidda yaron nan shina zuwa. Injin ya ɗauki awa ukku shina haɗiyar abin da anka ba shi, mu kuwa muna shayi muna hira. Ranar nan ya ce an sami wadda ba ta bukatar mutum. Na ce in babu ita, dole a ci gaba da tsohuwar."

"Ka san shina tsare saboda kai?"

Baba Atu ya dafe bango. Bai sani ba. Ba wanda ya zo ya gaya masa.

"Ku sake shi, don Allah. Mu tafi yanzu."

Sufeto ya buga waya Tambuwal ya ce a saki Nu'umanu. Bai sa wa tsohon ankwa ba. Baba Atu da kansa ya kulle ofishin, ya miƙa makulli, ya shiga mota tsakanin Sufeto da kofur.

Suna fita daga gari tsohon ya fara magana. Ya yi zancen geron bana, ya yi na marigayiya, ya yi na ciwon gwiwarsa. Kofur ya buɗe baki zai tsawata masa, Sufeto ya ɗaga hannu.

Har Tambuwal ba wanda ya katse shi.