Layin Da Jalal Ya Ja A Ƙasa

A gindin duwatsun Kazaure Bahijja ta fara ganinsa, ranar da ta raka ƙawarta wurin ɗaukar fim. Wani siririn saurayi ne, Jalaluddeen. Ya ja layi da kara tsakanin 'yan wasa biyu, ya kafa kyamararsa gefe guda, ya ƙi tsallakawa kamar an ce masa da maciji a can.

Bahijja kuwa ba ta iya haɗiye tambaya ba.

"Malam, wannan layin na mene ne?"

"In na ɗauki ɗaya ta nan, ɗaya ta can, a fim sai ki ga sun juya wa juna ƙeya. Alhali fuska da fuska suke."

Daga tambaya aka kai ga lambar waya. Kafin damina ta fita, saƙonsa ba ya fashi: "Sarauniyar tambaya, yau me kike son sani?"

Ta amsa: "Ranar da za ka zo gaida Baba, Mai Layina."

Ya zo, ya durƙusa, Baba ya yaba da hankalinsa. Sai dai maganar ƙarshe tana bakin Hajja Kaka, kakarta da ke Babura. Daudu, ɗan kawunta da ya daɗe yana sonta, shi ya ɗauki bidiyon gaisuwar a waya. Baba ta wannan gefe, Jalal ta wancan, ya haɗa ya tura wa tsohuwa.

Hajja ta bugo waya. "Yaron da ubanki ke magana ya ba shi baya? Ban yarda ba."

Bahijja ta sha kuka, don Hajja ba ta magana biyu. Da ta sake kallon bidiyon, ta tuna layin Jalal, sai ta share hawaye, ta hau motar Babura.

Ba ta yi musu ba. Ta zaunar da Hajja suna fuskantar juna da Asma'u, aminiyar tsohuwar, ta ɗauke su ta gefe biyu, ta haɗa, ta miƙa mata.

Hajja ta ƙura ido. "Ni na ba Asma'u baya? Yaushe?"

"Ba ki ba ta ba, Hajja. Mai ɗauka ne ya zagaya."

Tsohuwa ta sake duba wayar. Can ta ce, "Kira min Daudu. Shi kuma yaron, ya turo manyansa."

Bayan Sallah aka ɗaura aure. Ranar walima, ango da amarya na kallon juna, mai kyamara ya fara zagayawa, sai Hajja ta tare shi da sandarta.

"Tsaya gefe guda, ɗan nan. Waɗannan Allah ya haɗa fuskokinsu, kada ka raba min su."

Aka ce amin, Bahijja na dariya har da hawaye.