Sama Kake So Ko Ƙasa?

Ga ta nan gare ku, jikokina.

Ta zo mu ji, Kaka.

Babana, Orval Tackett, shekara ashirin yana ciyar da mu da sandar besbol, wasan da ake jefo ƙwallo a maka ta da sanda, a Ohio ta Amurka. Lokacin da yake da ƙarfi, in ya maka ƙwallo, sai dai a tsinto ta a gonar masara. Amma ido ya gaji, kafaɗa ta gaji. Mai ƙungiya ya ce in bai taɓuka komai ran Asabar ba, ya tattara kayansa.

Daren Juma'a yana fili shi kaɗai yana gwada bugu, sai ga wani dogo tsaye a wurin mai jefo ƙwallo. Raɓa ta jiƙe ciyawa, amma takalminsa a bushe.

"Tsoho, in jefo maka? Sama kake so ko ƙasa?"

Baba ya yi dariyar gajiya. "Bawan Allah, ai an daina yi wa mai bugu wannan tambayar tun ina saurayi."

Dogon ya ce, "Ranar nan ƙasa ka ce. Na jefo, ka dawo mini da ita."

Ya ɗaga hularsa. Gefen goshinsa a lotse yake, daidai girman ƙwallo. Nan Baba ya gane shi: mai jifan da bugunsa ya kashe ne tun yana saurayi.

Baba bai je wasan Asabar ba. Ya koma kafinta har ya rasu. Mama ta cusa sandar a murhu. Dogon kuwa, ba wanda ya sake ganinsa.