Tsatsa a Birkin Injiniya Mamuda

Motar Injiniya Mamuda ta gangaro daga titin sama na Birnin Tsakuwa tana rage gudu da kanta. Sai da ta zo tsayawa a bakin gareji ƙarar nan ta sake fitowa daga tayar gaba, ƙurrr, kamar ana kankare ƙanzo a tukunya.

"Kin ji ko?" in ji Mamuda.

"Na ji, ranka ya daɗe," motar ta amsa. "Na binciki kaina. Komai lafiya lau."

"Ke dama komai naki lafiya lau ne."

Hirar da zai yi ke nan ta yinin ranar. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna wasu ƙasashe, gidan ya yi masa girma. Kaɗaici ya dame shi, amma Mamuda ba mai faɗa ba ne.

Ya tuɓe babbar riga, ya ɗaga motar da jak, ya kwance tayar. Da farko ya zaci tsakuwa ce ta maƙale, ya leƙa da tocila bai ga komai ba. Ya duba takalman birki, wato ƙarafan da ke matse faifan da ke juyawa da taya idan za a tsaya, ya tarar ko cinyewa ba su fara ba. Sai da ya shafa faifan kansa yatsansa ya fito jawur. Tsatsa ce.

Ya zauna a ƙasa ya yi dariya shi kaɗai, don ya san mai laifin. Motar lantarki ba ta cika taɓa birkinta na ƙarfe ba. Idan za ta rage gudu, injinta ne ke riƙe tayoyin, ya mayar da ƙarfin gudun cikin batir. Birkin ƙarfe sai tsayawar gaggawa, ita kuwa tsayawar gaggawa Mamuda ne da kansa ya kore ta daga birnin. Shi ya ƙera Kwarara, tsarin da ke tuƙa duk motocin garin ba tare da ko ɗaya ta tsaya a hanya ba. Faifai ya sha laimar damina yana zaune ba aiki, me zai hana shi tsatsa?

Lokacin da ya kawo Kwarara, mutane sun yi ta ƙorafi. Ina Bahaushe ina wuce ƙofar gidan wanda ya sani bai tsaya sun gaisa ba? Sai ya ƙera musu Ɗan'aike, wata 'yar na'ura da ke cikin kowace mota da kowane gida. In ka wuce gidan naka, motarka ta gaishe shi da muryarka, gidansa ya amsa da muryarsa. Har barkar suna da jaje Ɗan'aike ke karɓa ya mayar, don kada a katse wa mutum aiki.

Da haka kullum safiya, idan motar ta bi ta saman Unguwar Majema, muryar Malam Ilu ke shigowa: "Lafiya lau, Mudi. A sauka lafiya." Ilu abokinsa ne tun suna yawo ba takalmi, kuma shi kaɗai ya rage a duniya mai kiransa Mudi. Kullum Mamuda sai ya ce gobe zai sauka su zauna.

"Maganin tsatsar nan a taka birki da ƙarfi, a yi ta takawa har ta goge," ya ce wa motar yana ɗaure tayar. "A ina aka bari mutum ya tuƙa da hannunsa?"

"Tsofaffin unguwanni kawai. Mafi kusa ita ce Unguwar Majema."

"To, ashe yau ce goben."

Bayan la'asar ya kama sitiyari, rabonsa da shi an daɗe. Ya kashe riƙon injin, ya ƙara wuta, ya taka birki. Motar ta yi ƙara kamar za ta tsage. Ya sake takawa, ƙarar ta ragu. Haka ya yi ta yi cikin layukan unguwar har ya iso gindin darbejiyar ƙofar gidan Ilu, ya taka, motar ta tsaya cak ba ko tari. Bencin da ke gindin bishiyar ba kowa a kai.

Ya yi sallama a zaure. Hajiya Yalwa, matar Ilu, ta fito tana dogara sanda. Suka gaisa, ya tambayi gida, ta ce lafiya lau.

"Ina mutumin nawa? Ki ce masa Mudi ya zo da ƙafarsa."

Ta dube shi.

"Injiniya, ai Malam ya rasu tun farkon damina."

Ya dafa bango. "Hajiya, ba a gaya mini ba."

"An aika maka. Kafin a gama yi masa wanka ta'aziyyarka ta iso, da muryarka, har da addu'a mai kyau. Da ba mu gan ka a jana'iza ba, muka ce aiki ne."

"Amma yau da safe ya amsa mini. Ya ce lafiya lau."

"To, me zai ce? Ko ranar da ciwon ya kwantar da shi, duk wanda ya gaishe shi abin da ya ce ke nan. A bakinmu na'urar ta koya."

Mamuda ya zauna a dakalin zauren ya yi kuka, bai ɓoye ba. Kunya ta kama shi, baƙin ciki ya fi kunyar. Da ya samu bakin magana ya ce yau ɗin nan zai cire Ɗan'aike daga motarsa, ya zo ya cire na gidan.

"A'a, don Allah," in ji Hajiya Yalwa da sauri. "Kada ka taɓa. Duk sauran abokansa sun riga shi tafiya, motarka kaɗai ta rage mai gaishe shi. In ka wuce da safe ne nake jin muryarsa a tsakar gida."

Washegari motar ta hau titin sama, birkinta shiru, ta bi ta saman Unguwar Majema ba ta rage gudu ba. Mamuda ya ji tasa muryar tana gaisuwa, shi bakinsa a rufe.

"Lafiya lau, Mudi," in ji Malam Ilu. "A sauka lafiya."